Ɗan Amshin Yaya

Yayana mutum ne da in ka ce masa "lafiya lau" sai ya tsura maka ido ya ce, "To, na ji ta baki. Saura ta jiki." Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ni ce na kwashe shekarun tsufansa da fargaba guda a ƙirji: kada wata rana ya faɗi a gidan nan nasa shi kaɗai, ba wanda ya sani. Shi kuwa tasa fargabar daban ce, kada a ɗauke shi daga gidan. A kan wannan muka yi ta kai ruwa rana har ƙarshe. Amma bari in fara daga kamfani, don wanda bai san allon ba bai san Yaya ba.

Kamfanin madara ne. Ni ina sashen jera robobi a katan, shi yana gyaran lantarki. Ma'aikata suna ce masa Mai Kira, ni kuma shi ya laƙaba mini Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai a rage murya. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, ba taga, kullum warin dalma da ƙurar da ta ji ɗumi. A jikin bango akwai wani kabad na ƙarfe ruwan toka, ya fi mutum tsayi. Can nake zuwa cin abincin rana don ya fi sanyi, kuma in gaskiya za a faɗa, don in ci naman da ke cikin kwanonsa.

Wata rana ya buɗe kabad ɗin ya ce, "Ke Rediyo, zo ki ga wanda ya fi ki surutu."

Wani allon lantarki ne kore, bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, cike da ƙananan abubuwa baƙaƙe. A gefensa 'yan fitilu biyu, rawaya da koriya, suna ta ƙiftawa ba hutu.

"Injinan gidan nan kaf," in ji shi, "tun daga tankin dafa madara har ɗakin sanyi da ke can ƙurya, waya ɗaya ta haɗa su. Ga ta nan." Ya nuna mini sirara biyu a murɗe kamar kitso, sun fita ta ƙasan kabad sun bi bango. "Hanyar ƙunci gare ta. Magana ba ta wucewa a dunƙule, sai ɗigo-ɗigo, ɗaya na bin ɗaya. In biyu suka buɗe baki lokaci guda, ba wanda za a ji. Kamar dai ku a sashenku."

Na ce ya kiyaye ni.

"Don haka allon nan ne kaɗai ke da ikon fara magana. Kowane inji da lambarsa. Sai ya ce, lamba ɗaya, yaya zafinka? Duk sun ji, amma mai lambar ne kawai zai amsa. Ya wuce lamba biyu, ya wuce uku, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Rawaya kira ce, koriya amsa. A wutsiyar kowace amsa kuma akwai ɗan lissafi. Allon ya sake lissafawa da kansa, in bai zo daidai ba ya san maganar ta lalace a hanya, ya watsar ya sake tambaya."

"In ya kira aka yi masa banza fa?"

"Ya ɗan jira. Ya sake kira, ya sake. In har yanzu tsit, sai ya kai ƙara wajen babbar kwamfutar da ke sama, ita kuma ta tsayar da layin injinan ta kunna jiniya. Shiru a nan ba abin tsoro ba ne, Rediyo. Shirun ne ke kawo mutum da gudu."

Ya kuma nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya ce irinsa ake maƙalawa a can ƙarshen waya don ya shanye muryar. In babu shi, kiran yakan je ya daki ƙarshe ya dawo, allon ya ji muryar kansa ya rasa ko amsa ce. Ban san dalili ba, amma tsigar jikina ta tashi. Na ce masa ya rufe abin nan in ci abincina da daɗin rai, ya yi ta mini dariya.

To, lamba tara ita ce ɗakin sanyi, kuma ita ce ciwon kan kowa. Tana can ƙarshen waya, danshi na shiga mahaɗinta, sai ka ga ba zato ta yi shiru. Da ta yi shiru layi ya tsaya, madara ta kwanta a bututu, Manaja ya sauko yana kumfar baki. Ganin haka Yaya ya zauna ya haɗa wani ɗan abu a cikin robar ajiye sabulu. In aka maƙala shi a waya, sai ya kasa kunne. Da ya ji an kira tara sai ya amsa a madadinta: sanyi daidai, ƙofa daidai, ba wanda ya danna maɓallin neman taimako. Ya yi shi ne don layi ya ci gaba da tafiya muddin yana tsugune yana gyara mahaɗin, da ya gama ya cire. Ma'aikata suka sa masa suna ɗan amshi.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne, mutanen layi sun gane ƙusar da yake rataye shi. In tara ta yi shiru Yaya ba ya kusa, sai su ɗauko su maƙala, in ya dawo su gaya masa. Ya yi faɗa, ya yi faɗa, suka ce ai taimakonsa suke yi. Har abin ya zama jiki. Ranar da za a yi ta, masu aikin safe suka maƙala, aka canji aiki, suka tafi gida da maganar a bakinsu.

Ina ofishinsa ranar, tsakar rana, muna cin abinci. Yaya ya kai cokali baki sai ya tsaya, idonsa a kan gilashin kwamfutar da ke nuna lambobi.

"Tara ba ta motsi," ya ce.

Na duba, ban ga komai ba. Duk layukan kore ne shar.

"Sanyi mai rai ba ya tsayawa cak. A buɗe ƙofa ya ɗan hau, a rufe ya ɗan sauka, kullum yana rawa. Wannan tun da na zauna yana wuri ɗaya."

Ya ajiye cokalin ya latsa maɓallai, ya aika wa tara wata tambaya daban, wai tun yaushe injin sanyinta ke aiki. Na ga rawaya ta ƙifta. Koriya ba ta ƙifta ba. Ya sake, haka. A hankali ya ce, "Ɗan amshi tambaya ɗaya ya sani." Sai kawai na ga mutum ya zabura, kwano ya kife.

Na bi shi. Wani dogon lungu ne mai farin tayil, fitilunsa rabi sun mutu, ruwa na ɗiga daga bututun sama. Ƙofar ɗakin sanyi a rufe ruf, ga robar sabulun can tana lilo a jikin waya. Da Yaya ya fizgo ƙofar, Mai Sito ne ya zubo a ƙafafunmu. Ashe ya shiga ƙirga kaya, ƙofa ta rufe, hannun buɗewa na ciki ya daskare. Girarsa fara fat, leɓɓansa sun yi shuɗi, yatsansa a sanƙare yadda ya ɗora shi a kan jan maɓallin.

Ya rayu, amma yatsun hannun nan ba duka suka koma gida da shi ba. Da muka je duba shi a asibiti, bai zagi kowa ba, gara ma a ce ya zaga. Cewa ya yi, "Mai Kira, ina ta dannawa. Na ɗauka kun ji ne kuka ƙi zuwa."

Washegari Yaya ya tara mutanen layi a bakin lungun, ya ajiye robar a ƙasa, ya sa guduma ya yi mata raga-raga. Ya ce duk wanda ya sake jin ya haɗa irin wannan, ya tofa masa yawu a fuska. Ina wurin, da kunnena na ji.

Daga ranar ya zama wani iri. Kullum da safe sai ya bi layi da ƙafarsa, inji bayan inji, mutum bayan mutum, ya kira ka ya tsaya sai ka juyo kun haɗa ido. In ka ce lafiya lau, ya jefo maka wata tambayar da ba ka zata ba: me ka karya da shi, yaya haƙorin matarka. Wasu na ganin ya cika takura. Ni na san abin da yake nema, so yake ya tabbata akwai mutum a bayan amsar.

Shekaru suka ja. Ƙarar injina ta cinye masa kunne, har ya zama in ka kira shi a waya sai dai ku yi ta "iye? iye?" ku rabu da haushin juna. Matarsa ta rasu. 'Yarsa tilo, nas ce, aure ya kai ta wani gari mai nisa. Da ya ajiye aiki, kamfani na sauya kayan kabad ɗin da sababbi, ya roƙi tsohon allon aka ba shi, ya naɗe shi a tawul ya kai gida.

Gidan shi ne na ƙarshe a wani lungu da mota ba ta shiga. Ɗakin kwana, falo, da wani ɗan ɗaki da ya mayar wurin aiki, sai bishiyar gwaba da matarsa ta shuka a tsakar gida. Kullum da safe yakan share ƙarƙashinta ya tsince waɗanda suka faɗo. Na sha ce masa ya dawo wajena, ga ɗaki a banza. Ya ce in ya tafi wa zai share wa gwaba, kuma kunnensa da ya rage ba zai ƙarar da shi a gidan rediyo ba.

Sai ya zame a banɗaki. Maƙwabcinsa Mai Walda ne ya ji nishi ta katanga ya tsallaka. 'Yar ta zo a gigice, ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggo, ki sa baki, ke kaɗai yake jin kunya." Na ce wa, ni? Muka dai zaunar da shi a falo muka sa shi gaba. Ya kafe. Daga ƙarshe ita ta kawo sharaɗi: kowace safiya ya turo mana saƙo a waya, ni da ita. Ranar da hantsi ya ɗaga ba saƙo, za mu zo, kuma ya bar gidan ke nan.

"Shiru ɗaya, Baba," in ji ta, "sai mu tattara maka kaya."

Ya yi murmushi ya ce, "Kun mai da ni lamba tara ke nan." Ni kaɗai na gane, kuma ban ji daɗin maganar ba.

Da farko abin ya tafi sumul. Matsalar ita ce maganin da aka ɗora shi a kai, yana sa shi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Wata safiya hantsi ya ɗaga, wayata tsit. Na fita zanina a baibai, na tari tasi, na je ina dukan ƙofa ina ihu har lungu ya taru. Sai ga shi ya buɗe yana murza ido. 'Yar ta bugo ta ce alkawari alkawari ne, ranar hutu za ta zo da mota.

Tun da nake ban taɓa ganin Yaya ya roƙi mutum ba sai ranar. Ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Rediyo, a ɗakin can matata ta cika. In kuka fitar da ni, ban san inda zan riƙa zama in tuna ta ba. Ki ce wa yarinyar nan ta yi mini wannan ɗaya." Zuciyata ta karye. Na buga wa yarinyar na yi mata ta manya, ta haƙura, amma ta ce wallahi ba na biyu.

Ba a kuwa yi na biyun ba. Daga ranar saƙon Yaya bai sake makara ba. Wani lokaci ya zo da sassafe, wani lokaci rana ta ɗan fito, kuma kowanne da irin tsiyarsa. "Na tashi. Gwiwa na ciwo kaɗan, ba ruwanki." Ko kuwa, "Rediyo rage murya, ina jin ki daga nan." Har da kurakuran manyan yatsunsa, harafi ya hau kan harafi. Nakan karanta in yi tsaki in yi dariya, in shiga harkokina da sanyin rai. Ranar hutu kuma in je in yi masa wanki mu yi faɗanmu.

Abu ɗaya na lura da shi, ɗakin aikinsa ya koma a rufe. Wata rana ina shara na ga haske na motsi ta ƙarƙashin ƙofar, rawaya, kore, rawaya, kore. Na tambaye shi. Ya ce tsohon allon ne ya kunna yana ɗebe masa kewa. Na ce Allah ya shirye ka, mutane na kiwon kyanwa kai kana kiwon fitila. Ya yi dariya, amma bai kalle ni ba.

Ranar da zan ba ku labari tsakiyar mako ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye ana yi, irin ruwan nan mai iska da ke shiga har ƙashi. Ina zaune da rigar sanyi ina hura shayi wayata ta yi ƙara.

"Rediyo zafin nan zai hallaka mutum. Na tashi, na sha maagani, kar ki zo."

Na yi dariya na ajiye. Na kai kofi baki, sai na kasa haɗiyewa. Wane zafi? Gidan Yaya ba wata uwa duniya ba ce, ruwan da ke dukan rufina shi ke dukan nasa. Kuma kwanon ɗakinsa na yoyo daidai kan gado, ko yayyafi aka yi sai ya cika mini waya da mita.

Na ɗauki wayar na yi ta jan saƙonni baya. Can cikin watannin zafi na same shi. Kalma a kan kalma, har da "maagani" mai harafi biyu.

Na ce a'a. Na ce tsufa ne, mutum yakan maimaita kansa. Amma lungun nan mai farin tayil ya riga ya dawo mini, da cokalin da ya tsaya a hanya. Na rubuta masa, "Yaya, rufin ya yi yoyo? Wane bokiti ka tara?" Na zauna ina kallon gilashin wayar. Na sake turawa. Na buga, ta yi ta ringin har ta katse. Na sake bugawa.

Ban tuna yadda na sami tasi ba. Na dai tuna direban ya sauke ni a bakin lungu ya ce iyakarsa ke nan, na tattare zani na shiga ruwa har ƙauri. Ƙofar gidan a kulle ta ciki. Na leƙa ta kafar ƙyaure, sai na ga ƙarƙashin gwaba. 'Ya'yan sun zubo birjik, wasu har sun yi baƙi sun fashe, tsintsiya na jingine a inda take. Wannan ba zubin dare ɗaya ba ne.

Na doka wa Mai Walda ƙofa. Ya fito da buhu a ka ya ce, "Ah, Gwaggo, ai kwana biyu ban ji motsinsa ba, na ɗauka yana wajenki." Na nuna masa ƙofar kawai. Ya koma ya ɗauko ƙarfe.

Falon duhu, sanyi, an ɗauke wuta. Na ce, "Yaya!" Gidan ba kaya da yawa, muryata ta je ta daki bango ta dawo mini, har na juya ina zaton an amsa. A ɗakin kwana ruwa na ɗiga tsakiyar katifa, ta jiƙe sharkaf, ba bokiti, ba alamar an kwanta. Sai na ga ƙofar ɗakin aiki a ɗan buɗe, haske na wasa a jikin bango. Rawaya, kore.

Takalminsa ɗaya na bakin ƙofa. Kujera a kife. Shi kuma yana kwance a gefensa na hagu, can ƙarƙashin tebur, kusa da bango. Daga bakin ƙofa zuwa inda yake akwai sawu a cikin ƙurar daɓen, faffaɗa, irin wanda buhu ke bari in an ja shi. Na durƙusa na taɓa wuyansa. Ya daɗe da yin sanyi.

Mai Walda na ta salati a bayana. Ni idona na kan teburin. Ga tsohuwar wayarsa mai maɓallai, ya farke bayanta, sirara biyu a murɗe kamar kitso sun fito daga cikinta sun shiga koren allon. Allon kuwa yana zaune a cikin robar sabulu.

Wallahi ba kuka ne ya fara zo mini ba, haushi ne. Na ce, "Kai! Kai da ka sa guduma! Kai da ka ce a tofa maka yawu!" Ina faɗa ina girgiza kafaɗarsa kamar zai ji. Ya san na san sanyi mai rai yana rawa, shi ya sa ya zauna ya tara saƙonni iri-iri, ya koya wa abin ya riƙa sauya lokaci, har kurakuransa ya zuba masa. Duk don kada barci ya sake cin amanarsa mu raba shi da ɗakin matarsa. Ni ya yi wa wannan dabarar, ni da na tsaya masa.

Mai Walda ne ya ce, "Gwaggo, dubi hannunsa."

Hannun damansa na miƙe zuwa bango, a dunƙule. A cikinsa kan wayar wutar allon ne, ya zare shi daga soket.

Na daɗe ina kallo kafin abin ya shiga kaina. Ashe da ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa ya mutu, ya san teburin ya fi ƙarfinsa, ya kuma san muddin abin nan na amsawa ba mai zuwa. Shi ne ya ja jiki da hannu ɗaya har bango, ya cire. Shiru yake so ya aiko mini.

To amma fitilun na ƙiftawa. Na bi wata jar waya da ido, ta hau bango har kan kanta, sama da tsayina. Can na ga batirin babur, an ɗaure shi tsaf, an ɗaure bakinsa da noti, an naɗe da baƙin salatif ba ko ɗan lanƙwasa. Yaya bai taɓa yin rabin aiki ba. Ya yi tunanin ranar da za a ɗauke wuta, ya yi mata tanadi. Daga inda yake kwance, fuskarsa na kallon fitilun.

Aka yi abin da ake yi, aka kai shi makwancinsa. 'Yar ta iso da yamma, muka kwana a falon, ba wadda ta iya shiga ɗakin aikin. Da gari ya waye muna zaune jugum, mata sun fara shigowa gaisuwa, sai wayata ta yi ƙara. A daidai lokacin tata ma ta yi. Muka kalli juna.

"Na tashi garau. Ku daina damuna, ku je ku nemi aikin yi."

Yarinyar ta rungume wayar a ƙirji ta fashe da kuka. Na miƙe. Ta riƙo zanina ta ce, "Gwaggo, don Allah a bar shi. Ko na mako ɗaya. Muryarsa ce."

Na so in bari. Allah ya sani na so, don ban san saƙonni nawa suka rage a ciki da ban taɓa gani ba, da wace tsiyar ya tanadar mini. Amma na ce mata, "Ubanki da abin nan a hannu ya cika. Ya fara, bai ƙarasa ba."

Na shiga, na tayar da kujerar na taka. Sifanarsa na rataye a ƙusarta, mai lambar da ta dace, don komai nasa a wurinsa yake. Notin ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Da jar wayar ta saki, rawaya ta ƙifta sau ɗaya, koriya ba ta bi ta ba, ɗakin ya yi duhu.

Washegari a gidana na tashi. Na haɗa shayi, na ajiye wayar a kan cinyata, na zauna. Rana ta fito, ta hau katanga, ta sauko tsakar gida. Na duba, ba komai. Na ɗan jira na sake dubawa. Da hantsi ya ɗaga sai na sa takalmina na ɗauki buhuna biyu, na tafi gidan kamar yadda muka yi alkawari, na fara tattara masa kaya.